Direban da Ya Mayar da Kiyashi Likitansa

Ƙawata, assalamu alaikum. In tukunya ce a kan wuta, rage wutar ki ara mini hankalinki. Labarin nan ya kwana biyu yana cina, gara in sauke shi a wajenki.

Akwai wani direba a nan Minna, sunansa Ɗanladi. Bas yake ja daga cikin gari zuwa Gidan Kwano, ya kai ɗalibai jami'a ya dawo da su. Shekara goma sha tara yana kan sitiyari bai taɓa buge ko akuya ba, kuma ba ya bari a manta da wannan. Mutum ne mai sakin hannu da fara'a, sai dai akwai taurin kai. In ya ce a'a, ko uwar da ta haife shi sai ta haƙura.

Matarsa Jummai tuwon madara take yi a gidansu da ke Sabon Gari. Ta dafa suga har ya yi danƙo, ta zuba madarar gari ta tuƙa, ta baza a faranti ya sha iska, ta yanka, ta kai wa masu shaguna a Kasuwar Kure. 'Yarsu ta fari Mubina ce, shi ya sa take kiransa Baban Mubina.

Jummai ce ta fara lura da abin.

Ranar da ta share masa mota, ledojin ruwa ta kwaso daga ƙarƙashin kujerarsa har suka cika bokiti. Wandunansa suka fara yi masa yawa, ya kai bel ɗinsa wajen mai gyaran takalmi aka ƙara huji. Ga shi ci yake kamar gara, amma jiki sai zubewa yake. Wata ɗaliba 'yar unguwarsu ta ba ta labari tana dariya, wai a tafiya ɗaya sai ya tsaya sau biyu ya zaga, har samari suna tsokanarsa: "Direba, yau ma za a sauka a gaisa da bishiyar nan?"

Jummai ba ta yi dariya ba, domin ta taɓa ganin irin wannan.

Yayan mijinta, Alfa, haka ya fara. Ƙishirwa, rama, sai ɗan miki a ƙafa wanda bai kai ƙwayar gero ba. Shekara biyu da suka wuce aka yanke masa ƙafa daga ƙasan gwiwa saboda ciwon suga. Ɗanladi da kansa ya goyo shi daga mota zuwa ɗaki. Tun daga ranar ba ya son jin an ambaci awon jini a gabansa.

"Yaya Alfa lafiyarsa ƙalau yake cin tuwonsa," in ji shi, "har ranar da aka auna shi. Daga awo sai wuƙa. Ni ba mai taɓa mini jini."

"Ai ba awon ne ya kawo ciwon ba, Baban Mubina."

"To ke kika sani, likita. Miƙo mini ruwa."

Wata ranar Talata ya dawo daga wajen bakanike, ya zauna a tabarma zai ci abinci, ya miƙe ƙafa. Jummai ta ga jini a kan tabarmar.

"Innalillahi! Me ya same ka?"

"A ina?"

Ta ɗaga ƙafarsa ta dama. Ƙusa ce ta huda silifas ta shige ƙarƙashin ƙaramin yatsa. Da ita ya tuƙo mota tun daga gareji, da ita ya shigo gida, bai ji komai ba. Ya tsaya yana kallonta kamar ƙafar wani ce aka nuna masa. Sai ya yi dariya, ya ce ai fatar direba ta fi taya kauri. Ya fita ya ɗebo man birki ya shafa, kamar yadda suke yi a tasha.

Ƙafar dama, ƙawata. Ita ke taka totur, ita ke taka birki. Ita ke ciyar da gidan.

Sati ɗaya, miki bai rufe ba. Sati biyu, ya fara ruwa. A na uku yatsan ya kumbura, launinsa ya sauya, ya koma ɗaure shi da tsumma yana sa safa a kai don kada a gani.

Jummai ta rasa sukuni. Sau biyu suganta yana ƙonewa a tukunya tana tsaye a kanta. Ta tayar da salla, ta kasa tuna raka'a ta nawa take. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa ƙofar gida ba tare da tana jiran kowa ba. In ya shigo, ba fuskarsa take fara kallo ba, tafiyarsa take kallo. Ta yi magana da lallashi, ta yi da fushi, ta yi da kuka. Amsa ɗaya ce: "Ni na san ba ni da shi."

Suna da maƙwabciya, Sara, wadda ke aiki a ɗakin awon jini na wani ƙaramin asibiti a unguwar. Ran nan ta shigo sayen tuwon madara za ta kai taron matan cocinsu, ta tarar da Ɗanladi yana sauya tsumma. Ta ajiye kwanonta ta tsuguna.

"Baban Mubina, wannan ciwo kwana nawa?"

"Bai daɗe ba."

"Sati uku da kwana biyu," in ji Jummai.

Sara ta danna gefen yatsan. "Ka ji zafi?"

"Ni namiji ne, Sara."

"Ba maganar namiji ba ne. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Ya ci gaba da ɗaure tsummansa.

"Ka zo gobe in auna maka suga. Ɗigon jini ɗaya ne a ɗan yatsa, ko minti biyu ba za a yi ba."

"Na riga na auna."

"A ina?"

"Inda nake aunawa. Kullum ma nake aunawa. Ku dai mata ba ku da aiki sai neman wa mutum ciwo."

Sara ta kalli Jummai, Jummai ta kalli Sara. Da za ta fita, ta ja Jummai zaure ta ce mata a hankali, "Maman Mubina, ƙafar nan ba ta da lokaci. Ki yi duk yadda za ki yi."

Maganar Ɗanladi ta tsaya wa Jummai a rai. Kullum yake aunawa? A ina, mutumin da ko ƙofar kemis ba ya son bi?

Sai ta tuna wani abu. Watannin nan, in ya dawo daga sallar asuba, ba ya shiga banɗaki. Sai ya ɗauki buta ya zaga lungun da ke bayan ɗakin girkinta, tsakanin bango da katanga. In ya sha shayi, gari ya yi haske, sai ya sake zagawa ba buta, ya ɗan jima, ya dawo yana yin fito da baki, ya ɗauki makullin mota. Ta sha ganin haka, kunya ce ta hana ta tambaya.

Washegari ta ajiye kunyar. Da ya zaga karo na biyu, ta bi shi.

Ta same shi a tsugune, hannu a kan gwiwa, ya ƙura wa jiƙaƙƙiyar ƙasa ido kamar mai neman allura.

"Baban Mubina, me ka yar?"

Ya zabura. "Ke! Wane irin abu ne wannan? Mutum ba zai zaga ba sai an biyo shi?"

"Ka yi haƙuri. Amma yau sai ka gaya mini."

Ya miƙe yana ɗingishi, ya kakkaɓe riga. Da ya ga ba za ta matsa ba, sai ya nuna ƙasa da leɓe.

"To zo ki gani, tunda kin nace. Me kika gani a nan?"

"Ba komai."

"Yauwa! Ba komai. Ndatsu, wanda muke lodi tare, shi ya koya mini. Mai suga, in ya yi fitsari a ƙasa, kafin ya sha shayi kiyashi sun rufe wajen. Haka kakanninmu suke ganewa, ba allura ba kwalba. Wata biyar ina gwadawa kullum safiya. Ko ƙwaya ɗaya, Jummai. Ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa zuwa ba. To ina sugan?"

Ya faɗa yana murmushi, irin na wanda ya ci shari'a.

Jummai ta dubi lungun. Ta dafa bango.

"A nan kake yi? Kullum a nan?"

"A nan mana."

"Wayyo Allah. Baban Mubina, ai babu kiyashi a lungun nan. Babu su a gidan nan gaba ɗaya."

"Kamar yaya?"

"Mai tuwon madara za ta zauna da kiyashi? Tun ranar da suka ɓata mini faranti uku, kafin azumi, nake yayyafa fiya-fiya, maganin ƙwari, a nan. Duk bayan kwana biyu, in ka fita. Na bi ramukansu ɗaya bayan ɗaya na zuba. Ko buhun suga ka zazzage a wajen nan, ba abin da zai zo."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa, ya rasa inda zai je.

"Warin da nake ji, ba na maganin sauro ba ne daga ɗaki?"

"Na nan ne."

Ya kalli ƙasa, ya kalli ƙafarsa, ya kalli matarsa. Ta zaci zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya wuce ta, ya ɗauki makulli, ta ji tashin mota.

Ranar Jummai ba ta ɗora tukunya ba. Ta share tsakar gida sau biyu. Ta ɗauki waya za ta kira shi, ta ajiye. Ta ɗauki carbi, yatsunta suna ja, zuciyarta tana kan titin Bida, inda yake jan mota. Abu ɗaya take ta juyawa: da hannunta ta kashe abin da zai gaya masa gaskiya. Wata biyar.

Kafin azahar ta ji ƙugin bas a ƙofar gida. Tunda aka kawo ta gidan bai taɓa dawowa a wannan lokaci ba.

Ya shigo, ya zauna a bakin rijiya, bai cire hula ba.

"Sun zo," ya ce.

"Su wa?"

"Kiyashin. Na zaga bayan tasha, gindin mangwaro. Na je na sha ruwa na dawo." Ya girgiza kai. "Baƙi ƙirin, Jummai. Har layi suka yi. Lodi ya zo kaina, na ce wa Ndatsu ya shiga."

Ya daɗe yana kallon safar da ke ƙafarsa. Sannan ya ce, da wata murya da ba ta san shi da ita ba, "Za su yanke, ko?"

"Allah bai saukar da cuta ba sai da maganinta. Bari in kira Sara."

Sara ta ce ƙafar ba za ta jira gobe ba, su zo yanzu likita ya wanke ya ba da magani. Awon kuma a yi da safe: daga sallar isha kada ya ci komai, kada ya sha shayi ko lemo, ruwa kawai, har a ɗauki jinin.

Da safe, a kan bencin asibiti, Ɗanladi ya kasa zama. Ya tashi ya karanta takardun bango, ya dawo, ya ce mota ba ta kulle ba, ya ce zafi ya yi yawa. Da Sara ta fito da ɗan injin awo, sai ya tura hannayensa cikin aljihu.

"Direban da ke wuce tirela a kwana," in ji Sara, "yau ɗan tsinke ya ba shi tsoro."

Jummai ta miƙa nata hannun. "Fara da ni. Ni ma ban karya ba. Ya ga ba mutuwa ake yi ba."

Don ƙarfafa masa gwiwa kawai ta yi. Sara ta soka, ta ɗiga, injin ya nuna lamba. Sai Sara ta ɗan ɗaga gira.

"Ɗari da goma sha uku."

"Lafiya dai ko?"

"Ba ki da ciwon suga, amma kina bakin ƙofarsa. Mai lafiya, in bai ci komai ba, ƙasa da ɗari yake. Daga ɗari zuwa ɗari da ashirin da biyar, an kama hanya. Daga nan sama, an shiga. Za mu sake aunawa mu tabbatar."

"Ni? Ai ni ba abin da nake ji."

"Haka yake, ba a jin komai. Gefe-gefen tuwon madara in kin yanka, wa ke cinyewa?"

Jummai ta sunkuyar da kai. Ɗanladi, duk da halin da yake ciki, sai da ya ce, "Har da ƙanzon tukunya. Ni shaida ne."

Ya zaro hannu ya miƙa, ya kau da kai. Injin ya nuna ɗari uku da goma sha biyu.

Sara ta ɗebi wani jinin a kwalba, ta ce akwai awon da ke nuna yadda suga ya kasance a jiki wata uku baya, shi likita zai duba.

Nan Jummai ta fashe da kuka. "Ni na jawo. Da ban zuba maganin nan ba, da tun tuni ya gani."

"Share hawayenki," in ji Sara. "Suga ba ya sauka a fitsari sai ya cika jini ya tumbatsa. Ranar da kiyashi suka zo, ɓarna ta riga ta yi nisa. Ke ga naki, ɗari da goma sha uku. Ko kiyashin Minna duka aka tara, ba za su kalli inda kika zaga ba. Da su kika jira, da sai kin kai inda ya kai."

Likita ya kwance ƙafar, ya daɗe yana dubawa. Ya ce ƙaramin yatsan ya mutu, dole a cire. Sauran ƙafar kuwa ba zai yi alkawari ba. Sai an saukar da sugan, an ga ko naman zai yi ja ya fara haɗewa. In baƙin ya ci gaba da hawa, to sai a sake magana.

"Da kun ƙara sati biyu," ya ce, "da ba wannan maganar muke yi ba."

Aka cire yatsan. Aka kwantar da shi, ana allura, ana awo safe da yamma.

Kwanakin nan su ne mafi tsawo a rayuwar Jummai. Duk safiya in za a kwance bandeji, sai ta tsaya ta gefen ƙafa, shi kuma ya kalli silin yana karanta fuskarta ta wutsiyar ido. Rana ta farko ba a ce komai ba. Ta uku, likita ya ce, "Mu dai gani." Ta biyar ya sa biro ya zana layi a kan fatar, ya ce in baƙin ya haye nan, a kira shi ko yana ina. Jummai ta wuni tana ɗaga zane tana duba layin biro, har mai jinyar gadon kusa ta ce, "Baiwar Allah, kallo ba ya warkar da miki, zauna ki huta." Ta zauna. Bayan minti biyar ta sake tashi.

Rana ta tara aka kwance. Likita ya danna, ya sake dannawa. Ɗanladi ya yi ƙara, "Wash!"

Likita ya yi dariya. "Madalla. Wannan wash ɗin nake nema. Ga nama ya yi ja. Malam Ɗanladi, ƙafarka ta tsira."

Jummai ta juya ta fuskanci gabas, ta kai goshinta ƙasa a nan kan simintin asibiti.

Wata uku ya yi bai hau mota ba. Ya koyi shan magani a kan lokaci, ya rabu da lemon kwalba, shayinsa ya koma ba suga yana sha yana ɓata fuska. Kullum da yamma Jummai ta duba masa tafin ƙafa da tsakanin yatsu, tunda shi ba kowane ciwo yake ji ba. Ita ma ta daina cin gefe-gefe, ta rage malmalar tuwo ta ƙara ganye, ta koma zuwa Kasuwar Kure a ƙafa. Da aka sake auna ta, casa'in da shida. Shi nasa ciwon ya zauna, sai lallaɓawa har iyakar rai. Ita nata ya juya tun daga bakin ƙofa.

Ranar da likita ya yarda ya koma aiki, ya sa takalmi rufaffe, ya ce ta zo ta zauna a gaba, ba fasinja, su gwada. Suka hau titin Bida. Hannunta yana kan ƙirji tun daga gida. Sun kusa Kpakungu sai ga wata mai tallan doya ta faɗo titi da tire a ka, ba ta duba ba.

Ƙafa mai yatsu huɗu ta sauka a kan birki. Motar ta tsaya cak.

Mai doya ta wuce tana ba da haƙuri. Ɗanladi bai zage ta ba. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya sauke numfashi, ya ce, "Ta kama, Maman Mubina. Alhamdulillahi, ta kama."

Darasi: Ciwon suga ba ya sallama kafin ya shigo, kuma wanda ya ce sai ya ga alama zai yarda, alamar za ta zo masa da wuƙa a hannu. Awo ba ya kawo cuta, fitila ce kawai ake haskawa. Girman kai ya ci wa Ɗanladi yatsa, miƙa hannu ɗaya ya tsare Jummai tun ciwon bai shiga ba. Ki je a auna ki ko ba kya jin komai, musamman in akwai mai shi a danginku, ki ja maigida ku tafi tare. Lafiya amana ce, za a tambaye mu a kanta. Ki tura wa 'yan uwa da maƙwabta, wataƙila ƙafar wani ce za ki ceta.

Sai dai ina roƙonki abu ɗaya, ƙawata. Minna ƙaramin gari ne. In kin gane ko su wane ne, ki bar shi a cikinki, kada ki gaya wa kowa. Mutumin yana da 'ya'ya da surukai, kuma ya riga ya biya da yatsansa.